Ƙashin da ɗori ke wahalar kamawa

Garin Aliero ya yi suna da abu biyu, albasa da ɗori. Daga Jega, daga Maiyama, har daga wajen Jihar Kebbi ake kawo masu karaya wurin maɗoran garin. Ɗori kuwa ya dogara ne kan ƙa'ida guda: in an daidaita ƙashi an ɗaure, jiki zai kawo ma'adinan da za su haɗe shi. Akwai majinyacin da wannan ƙa'ida ke yi masa gardama, wato wanda ƙodarsa ta daɗe tana lalacewa. Sai da likitoci suka shafe kusan shekara 90 kafin su fahimci dalili.

A 1883 wani likitan tiyata na asibitin Guy's da ke Landan, Clement Lucas, ya ba da labarin matasan da ƙafafunsu ke lanƙwasa kamar na yaran da ba su samu bitamin D ba, alhali sun wuce shekarun wannan cuta, kuma fitsarinsu na ɗauke da alamar ciwon ƙoda. Ya ga alaƙar, bai ga hanyar ba. Shekara uku kafin nan, wani ɗalibin likitanci a Uppsala ta ƙasar Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana wasu ƙananan ƙulli huɗu a wuyan mutum, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, waɗanda ake kira faratayirod. Ba wanda ya damu da su a lokacin.

Su ne ashe tsakiyar labarin. Kusan kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki, da kusan kashi 85 na fosfet, a cikin ƙashi suke ajiye, kamar hatsi a rumbu. Idan ƙoda ta gaza fitar da fosfet, sai ya taru a jini, kalsiyam ya yi ƙasa. Ƙullin nan huɗu sai su ba da umarni a buɗe rumbun. A ɗiba yau, a ɗiba gobe, shekara da shekaru, har ƙashi ya rube ta ciki alhali mai shi na yawo a kansa. Abin da aka ɗebo ma ba ya tafiya salin alin: wani yakan daskare a jikin jijiyoyin jini, su yi tauri.

Sauran rabin amsar daga Sin ya fara fitowa. A 1943, Beijin na hannun sojojin Japan, likitoci biyu, Liu Shih-hao da Chu Hsien-i, suka wallafa binciken da ya raɗa wa cutar sunan da ake amfani da shi har yau. Sun lura cewa bitamin D da ke warkar da sauran yara ba ya tasiri sosai ga mai ciwon ƙoda. Sai a 1970 Fraser da Kodicek na Kambirij suka nuna cewa ƙoda ce ke ƙarasa sarrafa bitamin ɗin ya zama mai aiki. Saboda haka rana, duk da yawanta a ƙasar Kebbi, ba ta wadatar da wanda ƙodarsa ta gaza.

Babi mafi ɗaci shi ne na wankin ƙoda. Daga 1960, da Belding Scribner ya samo hanyar yin wankin a kai a kai a Siyatil, majinyata suka fara rayuwa mai tsawo, ƙasusuwansu kuma suka fara karyewa. A Niyukasil ta Ingila abin ya yi yawa har aka laƙaba wa cutar sunan garin. A shekarun 1970 aka gano mai laifin: alminiyam da ke cikin ruwan famfon da ake wankin da shi, wanda galibi ya fito daga alam ɗin da ake sawa don ruwa ya kwanta. Ya shiga ƙashi ya hana ma'adini zama, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Tun daga nan tace ruwa ya zama sharaɗin kowace cibiyar wanki.

Najeriya ta fara wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, Asibitin Malam Aminu Kano kuma ya fara dashen ƙoda a 2002. Majinyacin Maiyama ko Jega, Birnin Kebbi ko Sakkwato yake nufa, kuma iyalin da ke sayar da buhunan albasa don biyan wanki ba kasafai suke da ragowar kuɗin gwajin fosfet da na faratayirod ba. Ga shi bincike a Amurka ya nuna masu wankin ƙoda sun ninka sauran jama'a kusan sau huɗu wajen karayar ƙugu.

Tun kafin a kai ga wanki ma ake shiga tarkon. Mai hawan jini ko ciwon suga yakan fara jin ciwon ƙugu da gwiwa, a ce sanyi ne, ya nufi kemis ya sayi diklofenak ko ibufurofen, magungunan da ke ƙara nakasa ƙodar. In ya karye daga ɗan tuntuɓe a tsakar gida, maɗori zai daidaita ƙashin yadda ya gada, amma gwajin kiriyatinin a jini ne zai nuna abin da ya sa tuntuɓe ya isa karya shi.