Daga Fatar Baduku Zuwa Faifan Ƙarfe: Tarihin Birki da Abin da Ya Bari a Garejin Mafara

Duk ranar Talata, motocin da ke kwararowa daga Bakura da Maradun zuwa kasuwar Talata Mafara sukan iso maƙare da buhunan shinkafa da fasinjoji. Abin da ke tsayar da wannan nauyi ɗan ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, wanda makanikai ke kira fad. Tarihinsa ya haura shekara 130.

A watan Agustan 1888, Bertha Benz ta tuƙa motar mijinta daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus. Birkin motar katako ne da ke goga taya, kuma ya cinye a hanya. Sai ta nemi wani baduku ya ɗora masa fata. Daga nan aka fahimci cewa ya fi sauƙi a sadaukar da abu mai arha ya riƙa cinyewa, a sauya shi, a kan a bar ƙafar mota ta lalace.

A 1902 aka samu hanyoyi biyu. Louis Renault a Faransa ya fito da birkin ganga, inda takalma biyu ke buɗewa su danne cikin gangar ƙarfe. Frederick Lanchester a Birmingham ya yi rajistar birkin faifai, inda ake matse faifai daga gefe biyu. Ganga ce ta yi mulki kusan rabin ƙarni, sai dai tana riƙe zafi, kuma birki mai zafi ba ya kamawa. Faifai ya dawo da ƙarfinsa a 1953, lokacin da Jaguar ta lashe tseren Le Mans da shi, sannan Citroën DS ta kai shi kasuwa a 1955.

Ƙasar Mafara ta shiga wannan labari a shekarun 1970. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, aikin da ya cika yankin da katafila da tifa da buƙatar direbobi da masu gyara. A 1975 kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Ƙirar 504, mai faifai a ƙafafun gaba, ta mamaye hanyar Sakkwato zuwa Gusau, kuma a kanta yaran gareji da dama suka koyi kwance taya da tura fistan baya.

Amma akwai gādon da ba a cika ambata ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanoni suka koma yin fad da asbestos, saboda yana jure zafi. Daga baya aka tabbatar ƙurarsa na haddasa kansar huhu da ta fatar da ke lulluɓe shi, cutar da kan ɓoye shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Tarayyar Turai ta haramta shi a 2005, amma ba a daina amfani da shi a ko'ina ba, kuma fad marar suna ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Yaron da ke hure ƙurar birki da baki, shi ne ke gaba wajen shaƙarta.

Yau ma'aikaci na iya kallon bidiyo a waya ya sauya fad a ƙofar gidansa. Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. Ba a dogara da jak shi kaɗai, sai an tokare motar. Ana sauya hagu da dama tare, don kada mota ta fizga gefe. Faifai na da iyakar kaurin da aka buga a jikinsa. Idan ya gaza ta, sabon fad ba zai cece shi ba. Ana goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan an ɗaura, sai a taka birki sau da dama har ya yi tauri kafin a motsa, domin takun farko yakan tafi ƙasa fanko.

Wanda ya manta wannan mataki na ƙarshe zai gane kuskurensa ne a bakin titi, inda ba a ba da damar gyara.