«Iri» da tsutsa: taƙaitaccen tarihin kaɗa a Adar da Majiya

1. Gabatarwa

A bakin manomin Tabotaki, kamar na sauran ƙasar Buza, Madawa da Keta, kalmar «iri» tana ɗauke da ma'ana uku da Faransanci ya rarrabe: semence, variété da lignée. Muna ganin cewa tarihin kaɗa a wannan yanki tarihi ne na yadda ma'anonin nan suka rabu.

2. Daga magurji zuwa masana'anta

A dā mata ke gurzar kaɗa a gida, guryar da ta fita kuma ita ce irin baɗi. Nau'in Allen, ɗan asalin Amurka, ya shigo arewacin Nijeriya a 1912. A ɓangaren Faransa an kafa cibiyar bincike ta IRCT a 1946, da kamfanin CFDT a 1949, wanda ya shigo Nijar cikin shekarun 1950, aka kuma gina masana'antar gurza a Madawa. Daga nan manomi ya koma sayar da kaɗarsa da guryarta, a ba shi wata ya shuka. Ƙwayar tana hannunsa, amma zaɓen nau'i da sanin asali sun koma tashar bincike.

3. Ƙwari ma suna da iri

Masu bincike sun zaɓi nau'o'i masu gashi a ganye, don gashin na rage ɓarnar ƙwari masu tsotso. Tsutsar da ke huda ƙwallon kaɗa, Helicoverpa armigera, sai da feshi. A ƙarshen shekarun 1990 ta gagari magungunan firetiroyid a Afirka ta Yamma: waɗanda suka tsira sun gadar wa ƴaƴansu juriya.

Sai aka dasa wa kaɗa ƙwayar halitta ta bakteriya Bt, mai kashe tsutsa. Burkina Faso ta karɓe ta a 2008, ta bar ta a 2016 saboda zaren ya gajarta. Nijeriya ta amince da ita a 2018. A 2022 wani baƙon ƙwaro mai tsotso, Amrasca biguttula, ya afka wa gonakin Afirka ta Yamma, alhali Bt ba ta taɓa irinsa.

4. Kammalawa

Duk wanda zai fassara wannan ilimi wa manomi, dole ya fayyace wane «iri» yake nufi. In aka ce masa «ingantaccen iri» kawai, an ɓoye masa tambayoyi biyu: wane ƙwaro yake jurewa, kuma wa ke da ikon ajiye shi zuwa baɗi?