Yadda Aka Tatsi Tsohuwar Wayar Tarho

Maƙalar wannan makon tarihin wata waya ce da aka ɗora wa kayan da ba don su aka yi ta ba.

A 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗe silin waya biyu don rage hayaniya a layin tarho. Sama da shekara 100 ana shimfiɗa irinta ta jan ƙarfe a Amurka da Turai, domin magana kawai. Ashe murya ɗan gefe take ci, sauran filin wayar yana zaune a banza.

Da intanet ta shiga gidaje a shekarun 1990, ta layin tarho ake hawa. Gudun bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin kana kai, mai kiran gidanku sai dai ya haƙura. Jama'a na neman sauri, tone tituna a kai wayar gilashi kowane gida kuwa kuɗi ne mai yawa.

Tun ƙarshen shekarun 1980 Joseph Lechleider na cibiyar Bellcore ya hango mafita: a faɗaɗa hanyar saukowa, a ƙuntata ta aikawa. Asalin ADSL ke nan, kuma da fari finafinai aka so turawa gidaje da ita. A gwajin 1993, kamfanin Amati na Farfesa John Cioffi ya yi zarra da dabarar raba wayar zuwa ƙananan hanyoyi 256.

Ma'aunin 1999 ya kai megabit 8, ADSL2+ na 2003 ya kai 24, VDSL2 na 2006 ya kai 100. Sai dai jan ƙarfe ba ya son nisa. Don a samu gudun VDSL2, dole aka jawo wayar gilashi har akwatin bakin layi, aka bar wa jan ƙarfe 'yan mitocin ƙarshe. Wato da gutsure tsohuwar wayar aka riƙa sayen sauri.

Mu a Najeriya wannan zango ya tsallake yawancinmu. Layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba lokacin da GSM ta iso a 2001. Don haka mai rubuta labarin Kano ta 2003, kada ya sa wa jarumarsa intanet a ɗaki. Ya kai ta kafe ta sayi awa guda.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.