Daga Shaidar Dagaci zuwa Sa Hannun Gwamna: Tarihin Jinginar Gida a Gwandu da Kalgo

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san cewa ba da kuɗin banki aka tayar da gidajenta ba. Mutum ya gaji fili ko dagaci ya yanka masa, a yi gayya a kwaɓa ƙasa, a buga tubali, magini ya ɗora azara. Na daɗe ina tambayar kaina: me ya sa bayan shekaru kusan saba'in da gwamnati ta fara tsara rancen gida a Nijeriya, har yau ɗan Gwandu ko ɗan Kalgo ya fi dogara ga adashi da sayar da sa?

Ba rashin doka ne asalin al'amarin ba. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya daga Gwandu, akwai ƙa'ida. Shi kansa ya wallafa littafi, Ta'alimur Radi, kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Jingina kuma alƙalai sun san ta da sunan rahanu, kuma a mazhabar Malikiyya ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi abin a hannunsa. Shaidu ne takarda, riba kuwa haramun ce. Wannan shi ne awon da mutanenmu suke auna bashi da shi har gobe.

Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, sai suka kawo dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawunta. A karkara abin bai canza da yawa ba, domin En'e da hakimai su ne suka ci gaba da rabo. A can kudu kuwa aka kafa Nigerian Building Society a 1956, wadda ta zama Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a 1977. Harkarsu ta manyan ma'aikata ce a manyan birane.

A ganina, babban kulli ya ɗauru ne a 1978, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa. Dokar ta ce filin birni yana hannun gwamnan jiha, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansa, sa'an nan ba a jinginar da filin birni sai gwamna ya amince. A 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba wasa ake yi ba: a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta soke jinginar da aka ƙulla ba da yardar gwamna ba. Tun daga ranar bankuna suka shiga taitayinsu. Ba sa kallon gida, komai girman soronsa, sai takardar shaidar mallaka. To, gida nawa ne a cikin tsohon garin Gwandu ke da wannan takarda? Gidan gado ne, magada goma sha, kowa da ɗakinsa, iyakarsa kuma a kan dattawan unguwa take. A idon jama'a dukiya ce, a idon banki kuwa babu shi.

A shekarar ta 1989 aka yi dokar da ta ba da damar buɗe ƙananan bankunan jingina. Suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, da yawa kuma suka bushe, har aka mayar da sa ido a kansu hannun Babban Bankin Nijeriya a 1997. Daga baya aka ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 2.5 ga mai aiki a jiha ɗaya, biliyan 5 ga mai aiki a ƙasa baki ɗaya. Ban ga laifin wannan ba. Kuɗin ajiyar jama'a amana ne. Sai dai an yi ta gyaran rijiya ne, ba a tambayi wa ke da guga ba.

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, a 1992 kuma aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa. Sharaɗinsa shi ne a cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, shi kuma ya sami damar rance a kan ruwan kashi 6, ya biya har tsawon shekara 30. Idan aka gwada da ruwan bankunan kasuwanci, wannan sauƙi ne ƙwarai. Amma manomin shinkafa na fadamar Kalgo ba shi da albashin da za a cira. Malamin firamare na Gwandu yana da albashi, ba shi da takardar fili. Wanda ya haɗa duka biyun kuma sai ya tsaya a ƙofa, domin kashi 6 ɗin ma riba ce, kuma ba ya son ya kwantar da iyalinsa a ɗakin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Sai a 2011 Babban Banki ya fito da ƙa'idojin bankin da ba ruwa, Jaiz ya fara aiki a 2012, shekara ashirin ke nan bayan kafa Asusun.

A Kalgo ne nake ganin lamarin ya fi tsananta. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ga kuma babban asibitin jiha a garin, gonakin bakin hanya suka fara komawa fulotai. Ma'aikata da ɗalibai suna neman haya, dillalai suna yawo, ana ciniki da takardar mai unguwa da shaidu biyu. Mai saye yana aza bulo a hankali, layi biyu bana, kwano baɗi, farashin siminti yana gudu yana binsa. Idan rigima ta tashi a kan iyaka, gaban dagaci ake fara zuwa, kamar yadda ake yi tun kafin 1910.