Mai Bugun Gola a Ƙwallon Amurka

Mai bugun gola ɗan wasa ne a ƙwallon Amurka da ke dukan ƙwallon da aka dasa a ƙasa ta ratsa tsakanin sanduna biyu. Ɗaya daga cikin irin wannan bugu, wato bugun fili, maki 3 ne. Da can da kan yatsu ake buga ƙwallon, har Pete Gogolak, ɗan asalin Hungari, ya shiga ƙungiyar Buffalo Bills a 1964 da salon 'yan tamaula: a karkato daga gefe, a doka da bayan ƙafa. Yau kusan kowa haka yake yi. 'Yan Najeriya biyu da suka tashi da tamaula, Obed Ariri da Donald Igwebuike, sun bi ta Jami'ar Clemson zuwa ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers a matsayin masu bugun gola, a 1984 da 1985.