Daga Kasuwar Kano Zuwa Chennai: Tafiyar "Alhaki Kuykuyo Ne"

Littafi ma yana da ƙafa. Wani a inda aka haife shi yake tsufa, wani kuwa sai ya yi ta sauya riga har ya isa ƙasar da mai shi ba ta taɓa zaton zai taka ba. Cikin littattafan da marubutanmu suka buga da kuɗin aljihunsu, kaɗan ne suka yi doguwar tafiya irin ta "Alhaki Kuykuyo Ne" na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Idan muka bi sawunsa, za mu ga yadda labarin Hausa ya rayu cikin shekaru talatin da 'yan kai, mu kuma ga abin da muke zubarwa a hanya.

Kafin a kai ga littafin, sai mun tuna halin da ake ciki lokacin da ya fito. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara da suka iya karatun boko. Da suka girma, suna son abin karantawa da harshensu, amma kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya sun fi karkata ga littattafan makaranta. Daga 1986 kuma tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada. Marubuci sabo ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai matasa suka ce tunda babu mai buga musu, bari su buga da kansu: a rubuta a littafin rubutu na 'yan makaranta, a kai wa mai tafireta, a wuce maɗaba'a, a ɗauko a raba wa 'yan kasuwa.

A cikin wannan ayari Hajiya Balaraba ta fito. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana ƙarama ba. Sai bayan auren ya mutu ta koma ajin yaƙi da jahilci a Kano. Ta fitar da "Budurwar Zuciya" a 1987, sannan a 1990 "Alhaki Kuykuyo Ne" ya biyo baya. Tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba.

Labarin na Rabi ne, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwar da ya auro Delu, ya kori uwargida da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa dukiya, amaryar ta juya masa baya, aka dawo ana lallaɓar Rabi ta koma. Mata da yawa sun ga gidajensu a ciki, shi ya sa littafin ya shiga hannu.

Rigarsa ta farko ke nan: takarda mai araha, bango marar kauri. Irin waɗannan littattafai ba sa zama wuri ɗaya. Kwafi guda sai ya zaga gida biyar, daga uwargida zuwa amarya zuwa 'yar maƙwabta, ga kuma shagunan haya inda ake biyan kuɗi kaɗan a karanta a dawo da shi. Masana ma sai da suka yi ta kai ruwa rana a kansu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba; Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. An fafata a shafukan jaridu, musamman shafin adabi da Ibrahim Sheme ke kula da shi a New Nigerian.

Ana cikin haka kaset ɗin bidiyo ya shigo. "Turmin Danya" ya fito a Kano a 1990, shekarar da littafin ya fito, kuma nan da nan marubuta suka gane cewa wanda bai iya karatu ba ya iya kallo. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da labarin fim mai suna "Alhaki Kwikwiyo". Rabi da Delu suka sami fuska da murya, labarin ya shiga ɗakunan da takarda ba ta taɓa shiga ba. Sai dai fim ya janye marubuta da masu jari da yawa daga harkar littafi.

Bayan nan iska ta juya. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a Kano, daga baya kuma Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Littafin soyayya ya zama abin ɓoyo ƙarƙashin matashi.

Abin mamaki, a daidai wannan tsakanin ne aka hango shi daga nesa. Kamfanin Blaft da ke Chennai a kudancin Indiya, wanda ya yi suna wajen fassara labaran kasuwa na harshen Tamil, ya buga fassarar Turanci ta Aliyu Kamal a 2012 da sunan "Sin Is a Puppy That Follows You Home". Shi ne cikakken ƙagaggen labari na farko na mace da aka fassara daga Hausa zuwa Turanci. Shekara da shekaru Kanawa suna cika sinimomi don kallon finafinan Indiya. Ga shi yau labarin wata Bakanuwa ya bi hanyar a juye.

Mu kuwa a gida mun koma waya. Labari yanzu shafi-shafi yake fita a Facebook da WhatsApp da Wattpad, wasu a biya kuɗi a shiga zaure a karanta, wasu a saurara a YouTube. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta ba gajeren labari na mata sabon martaba. Marubuciya ba ta jiran kowa, kamar dai yadda Hajiya Balaraba ba ta jira ba.

Amma a duba wannan. Mai son fassarar Turancin zai same ta ta intanet cikin minti biyar. Mai neman bugun Hausa na 1990 kuwa sai ya sha yawo. Yawancin littattafan wancan zamani babu shekarar bugu a jikinsu, gara da damina sun ci rabonsu, kuma ɗaya daga cikin manyan tarin su yana ɗakin karatu na SOAS a Landan, albarkacin aikin Graham Furniss. Na waya ma ba su tsira ba: OkadaBooks ta rufe a 2023, ga masu kwafe labari su goge sunan mai shi su yi ta turawa.

Idan akwai tsohon kwali na littattafan Hausa a ɗakin Inna ko Goggo, kada mu bari a kunna wuta da su. Mu ɗauki hoton bangon, mu rubuta sunan marubuci da maɗaba'a, mu tambayi masu su shekarar da suka saya tun suna iya tunawa. Marubutan yau kuma su riƙa sa kwanan wata da cikakken suna a kan duk abin da suka saki, su ajiye kwafi a wajen waya.