Daga Rumbun Zakka Zuwa Hukumar Zakka: Abin da Ƙasar Bakolori Ta Gani

Wannan makon mun leƙa tarihin zakkar hatsi a Talata Mafara, Bakura da Maradun.

A zamanin Daular Usmaniyya, wadda aka kafa bayan jihadin 1804, manomi kan fitar da dami ɗaya cikin goma idan amfaninsa ya kai nisabi, wato wusƙi biyar. Masu unguwanni da dagatai ke tarawa a rumbuna. Ƙa'idar Malikiyya ita ce a raba zakka a inda aka tara ta, ga rukunai takwas da Suratut Tauba ta ambata, ciki har da fakirai, miskinai, masu bashi da matafiyin da guzuri ya ƙare masa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai suka narkar da tsofaffin kuɗaɗen shiga cikin haraji, zakka ta koma tsakanin mutum da Ubangijinsa.

Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta sake fasalin lissafin. Gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar mata da ɗaya cikin goma, wadda kuwa aka shayar da injin ban ruwa ɗaya cikin ashirin ne, saboda ɗawainiyar da mai ita ya yi. Manomin shinkafar rani sai ya fara tambayar malami kafin ya auna.

Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999. Bayan haka aka kafa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar Zamfara, tara zakka da raba ta suka dawo hannun hukuma tare da masarautu.

Yau matsalar 'yan bindiga ta raba manoma da yawa da gonakinsu, musamman a yankin Maradun. Wanda jiya yake fitar da dami, yau yana cikin masu karɓa. Wannan ne ya sa ƙa'idar raba zakka a gida take da nauyi: maƙwabci ne ya san gidan da ba a hura wuta ba.

Dattawan da suka ji labarin rumbun zakka daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Mu je mu tambaye su, mu rubuta.